Ranar da Na Sa Rigar Ƙonni

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun ɓace mini, wasu ma in abokai suka tuna mini sai in yi ta musu. Amma kwana biyun da muka yi a Ƙonni muna gasar ƙwallo, ina ɗan shekara goma sha biyar, ba na jin zan manta da su muddin ina raye. Ba wai don na yi wani abin alfahari ba ne. A rana ɗaya na yi abin da ya fi kowane kyau a wasana, kuma a ranar na yi abin da ya fi kowane muni a halina.

A Illela na tashi. Babana ɗan kasuwa ne, yana sayen albasa da wake yana kaiwa kudu. Mahaifiyata kuwa 'yar Ƙonni ce, garin da ke tsallaken iyaka cikin Nijar, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a mota. Ƙwallo a bayan makarantar firamare na koye ta, a wani ɗan fili mai yashi. Mukan taru mu kusan talatin a kan ƙwallo ɗaya. Duk wanda ta faɗo ƙafarsa ya san in ya ba wani, ba zai ƙara ganin ta ba sai an kira magariba, don haka kowa ya koyi riƙewa. Manyan da ke zaune kan babura suna kallo su ma ba su damu da wa ya ci ba. In ka yanke mutum ya zauna a ƙasa, to ranar sunanka ne za a yi ta faɗi a teburin mai shayi. Haka muka tashi, kuma ni a cikin sa'o'ina babu wanda ya kai ni yanka.

Kocinmu bakaniken babura ne. Ya taɓa buga wa ƙaramar hukuma kafin gwiwarsa ta lalace. Shi ya tsince ni a wancan fili ina ɗan shekara goma, ya je har gida ya roƙi babana, ya riƙa ɗauka ta a babur zuwa atisaye yana maido ni. Koyarwarsa ba ta da yawa: gudu da safe, ƙarfin jiki, da kuma kada ka ji tsoron kowa. Yakan ce mana, “In kun shiga fili, wanda ag gabanku mutum na kamar ku. Ku ci gabanshi.” Ni ya ba lamba goma, kuma bai taɓa yi mini faɗa don na riƙe ƙwallo ba.

A dogon hutu na wannan shekarar, damina ta fara ja baya, aka gayyace mu gasar yara a Ƙonni. Ƙungiya huɗu ce: mu, da masu gida, da 'yan garin Madawa, da na garin Tawa. Ranar Asabar a yi wasa biyu, Lahadi a yi na neman na uku, sannan na ƙarshe bayan la'asar. Mu goma sha takwas muka cusa kanmu cikin bas ɗaya, da jakar riguna da jarkar ruwa. Yawancin yaran ba su taɓa fita wasa wani gari ba, balle wata ƙasa, ko da yake Ƙonni a wurinmu ba wata ƙasa ba ce sosai, tunda kusan kowa yana da dangi a can. Aka sauke ƙungiya a wani aji na makaranta, lakwal kamar yadda suke cewa. Ni kuwa Koci ya yarda in kwana gidan kawuna, wan mahaifiyata.

Kawun nan nawa yana da ɗa sa'ana, taubashina ke nan, kuma shi ne lamba shida na ƙungiyar Ƙonni, waɗanda ƙuri'a ta haɗa mu da su ranar farko. Tun a zaure ya tare ni da tsiya.

“Bawana, ka zo ka ga yadda aka buga balo?”

Na ce, “Kai dai ka ɗaure wandonka da kyau, don yau sai ka zauna ƙasa.”

Kafin a fara wasa muka ga sun yi da'ira, mutum biyu a tsakiya, suna ta ba juna ƙwallo da taɓi ɗaya. Malaminsu na tsaye yana ƙirgawa da Faransanci. Wani siriri ne mai tabarau, malamin motsa jiki a makarantar sakandare, wanda ya yi karatunsa a Yamai. Mushe suke kiran sa. Muka yi ta dariya, golanmu har yana cewa in wasan 'yan mata aka zo yi ai da an faɗa mana mun taho da ƙannenmu.

Dariyar ba ta daɗe ba. Minti ashirin na farko mun sha gudu kamar an sako mu daga makaranta, amma ƙwallon ba ta hannunmu. Kafin ka isa wurin mai ita ta bar shi. Ba wanda ya yanke mu, ba wanda ya fi mu ƙarfi, sai dai duk inda ta faɗa akwai mutum tsaye yana jira. Abin da ya fi ba ni mamaki 'yan kallonsu ne. Na karɓi ƙwallo a tsakiya na yanke mutum biyu, na zura wa na uku ta tsakanin ƙafafu. Mutanenmu da suka biyo mu a babura suka ɗauki ihu, amma 'yan Ƙonni sai kallo kawai, kamar sun ga ɗan wasan kura a kasuwa. Da yaransu suka yi ta miƙa wa juna sau shida ko bakwai ba mu taɓa ba, sai fili ya ɗauki tafi. Suka ci mu uku da ɗaya. Ni na ci namu, kuma ci ne mai kyau, daga kusan tsakiyar fili na taho da ita. Ba zan ɓoye ba, yayin da sauran ke zaune jugum a aji, ni a raina ban ji an ci ni ba. Ana dab da tashi kuma wani ɗan bayanmu ya taka mai buga musu gefen hagu, aka fitar da shi a kafaɗa, idon sawunsa ya kumbura.

Washegari da safe muna shan shayi da burodi a zauren Kawu sai ga Mushe ya yi sallama. Bayan gaisuwa ya ce wa Kawu ɗan wasansa ba zai iya takawa ba, kuma masu shirya gasa sun yarda ya sa wani a madadinsa, in dai haifaffen garin ne. Ya ce ɗan Kawu ya gaya masa a nan aka haife ni. Gaskiya ne kuwa. Ni ne ɗan fari, mahaifiyata gida ta komo ta haihu. Kawu ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar takarda daga akwatin ƙarfe, an rubuta ta da Faransanci, ni ban ma san da ita ba.

Mushe ya dube ni ya ce, “Na ga wasanka jiya. Kana riƙe balo kamar gadonka ta. Amma ina son ka. Kuma in gaya maka, akwai mutum daga Yamai da za shi kalli wasan ƙarshe, shi ka zaɓen yaran da ka buga ma ƙasa.”

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta ɗauke mini hankali. Ba a barin yaro ya buga wasa biyu a rana ɗaya, kuma ƙungiyarmu na da wasan neman na uku da Madawa kafin azahar. Kawu ya ce, “Ni ba ni da ta cewa. Ka tahi ka tambayi malaminka, shi yak kawo ka. In ya yarda, to.” Na ce to.

Na tafi makarantar da niyyar tambaya. Allah ya sani da niyyar na tafi. Amma da na shiga ajin na ga Koci durƙushe yana jera riguna, ya ware tawa a gefe, sai bakina ya ƙi. Abin da ya fito shi ne, “Koci, cinyata ta riƙe tun jiya, ko tafiya da ƙyar nika yi.”

Ya ajiye rigar da ke hannunsa. Ya sa na kwanta a tabarma, ya ɗauko man zafi daga jakarsa ya shiga murza mini cinyar da lafiyarta lau, yana tambaya, “Nan? Ko nan?” ina cewa e. Da ya gama ya ce kada in sake in taka ƙwallo yau, ƙafa ta fi kofi, shi ya san abin da yake faɗi. Na zauna a benci ina kallo Madawa suka ci mu ɗaya da nema. Sau biyu ana samun damar da na san da ina ciki da na yi wani abu. Yaran suka fito wasu na hawaye, suna zuwa suna yi mini sannu.

Da la'asar ta yi, Koci ya ce kowa ya zo a kalli wasan ƙarshe kafin a kama hanya, ko an koyi wani abu. Suka jeru a gefen fili. Ni kuwa tuni na sulale wurin Mushe, sai ga ni na fito cikin layin 'yan Ƙonni, da koriyar riga mai lamba goma sha ɗaya. Ban dubi inda suke ba, amma na ji lokacin da hayaniyarsu ta ɗauke.

Umarnin Mushe gajere ne. In tsaya a kan layin hagu, kada in shigo tsakiya, kada in taɓa ƙwallo fiye da sau biyu. Na ɗauka abu ne mai sauƙi. A rabin farko na gane wani abu da ban taɓa sani game da kaina ba: in ƙwallo ba ta ƙafata, ban san abin da ake yi a fili ba. Ban san inda zan tsaya ba, ban san lokacin da zan ruga ba. Sau uku alƙalin wasa yana kama ni da satar gida. Taubashina na ta yi mini tsawa, “Buɗe! Buɗe!” ni kuwa sai in matso kusa da shi, don a Illela mai son ƙwallo wurinta yake zuwa. Da na gaji, ta zo mini sau ɗaya na ce bari in nuna musu. Na yanke na farko, na biyu ya ƙwace, kuma da yake na bar wurina, ta nan gefen Tawa suka bi suka ci mu.

A hutun rabin lokaci na jira a cire ni. Mushe bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna ya zana fili a ƙasa da yatsa, ya ɗora tsakuwa ya ce wannan ni ne, wannan kuma mai tsaro na. “In kat tsaya bisa layi, dole shi biyo ka. In yab biyo ka, ga ƙofa nan ta buɗe tsakiya. Ba sai ka taɓa balo ba za ka yi aiki. Ka gane?” Na ce na gane, ko da yake rabi na gane.

Muka koma. Na manne a layi kamar an ɗaure ni. Can taubashina ya karɓi ƙwallo ya ɗago kai, na ruga gaba, mai tsaro na ya bi ni da gudu, sai taubashina ya zura ta ta wurin da mutumin ya bari, ɗan gabanmu ya shiga ya buga raga. Ɗaya da ɗaya. Yaran suka rugo wurina suna dukan bayana, Mushe na ɗaga mini babban yatsa. A rayuwata ba a taɓa yaba mini a kan cin da ko ƙwallon ban taɓa ba.

Daga nan wasa ya tsaya cik. Tawa da Ƙonni salon wasa ɗaya aka koya musu, kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai yi kafin ya yi. A miƙa nan, a miƙa can, a komo baya. Babu wanda ke yin kuskure, babu kuma wanda ke gwada wani abu. Saura kamar minti goma ƙwallo ta fita ta gefena, Mushe ya matso bakin layi ya kama hannun rigata.

“Ɗan Najeriya, abin nan naku, yi shi yanzu. Amma in kaw wuce na biyu, ɗaga kanka.”

Da ta zo mini na tsayar da ita na fuskanci mai tsaro na. Ya ja baya yana jira in miƙa, don abin da ya saba gani ke nan. Na karkata hagu na bi dama, ya tafi inda ba ni. Na biyu ya taho da gudu na ɗaga masa ita ta kan ƙafa. Ga gola a gabana, ta ɗan gefe, kuma duk jikina bugawa yake so. Na ɗaga kai. Taubashina na nan tsaye a tsakiya shi kaɗai, hannu a sama. Na tura masa a ƙasa, ya sa gefen ƙafa, ta shiga. Biyu da ɗaya aka tashi. Aka ɗaga kofi, aka ɗaga taubashina, wasu ma suka so ɗaga ni na ƙi.

Mutumin Yamai ya zo kuwa. Na gan shi da littafinsa yana magana da Mushe, ya rubuta sunan yara biyu na Tawa da golan Ƙonni. Da na maida rigar na tambayi Mushe ko an ce wani abu a kaina. Bai rufe ni ba. Ya ce mutumin ya ce ƙafa akwai, amma sanin fili da saura, kuma ba su da lokacin koya wa yaron da ke zaune wata ƙasa. Sannan ya ƙara da nashi. Ya ce shi yaransa ya koya musu tsoron ɓatar da ƙwallo har ya yi yawa, mu kuwa an bar mu ba mu tsoron komi har ya yi yawa. Inda zan tsaya a fili, in ji shi, zai iya koya mini cikin shekara ɗaya, amma abin da na yi wa mutum biyun nan bai san yadda ake koyar da shi a aji ba. Ya tambaye ni malamina ya ji daɗi? Na ce e. Ƙarya ta biyu ke nan.

A bas ba wanda ya matsa mini wuri, a kan jarkar ruwa na zauna. Golanmu ne kaɗai ya yi magana, ya ce, “Sefa nawa anka ba ka?” Koci ya ce masa ya yi shiru. Da muka iso bakin iyaka jami'i ya leƙo ya tambayi yara nawa ne. Koci ya ce, “Sha bakwai nawa na. Guda baƙo na, rage mashi hanya muka yi.” Jami'in ya yi dariya ya ɗaga mana hannu, ya ɗauka raha ce.

Koci bai kore ni ba. Ina zuwa atisaye, a yi gudu da ni, in an zo raba ƙungiya sai ya tsallake ni kamar babu kowa a wurin. Sati uku ana haka. Babana ya dawo daga kudu ya ji labari a kasuwa, bai dake ni ba, ya ce dai ba zan ƙara cin tuwon gidansa ba sai na je na ba mutumin nan haƙuri. Na sami Koci a garejinsa da hantsi, ya kwance injin wani babur. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya goge wani ƙarfe da tsumma ya ajiye, sannan ya dube ni.

“Da ka tambaye ni, da ni da kaina zan kai ka wurinshi. Kana zaton ba ni son a gan ka? Mi kaɗ ɗauke ni?”

Ya ce in tashi, magana ta wuce. Na miƙe zan tafi sai ya kira ni.

“Zo nan. Mai tabarau ɗin nan, mi yaz zana maka ƙasa da anka tahi hutu?”

Na tsuguna a bakin garejin na zana fili, na jera notuna a matsayin 'yan wasa, na yi masa bayani iya abin da na fahimta. Ya daɗe yana kallo. Ya matsar da noti ɗaya da yatsa, ya komo da shi, ya ce, “Hm.” Amma a atisayen da ya biyo baya ya raba mu gida biyu, ya ce rabin awa na farko duk wanda ya taɓa ƙwallo sau uku ya fita ya zagaye fili, rabin awa na biyu kuma kowa ya yi abin da ya ga dama. Yara suka yi ta gunaguni. Ni na fi kowa zagaye filin a ranar, amma da aka zo raba ƙungiya ya kira lambata.

Ban zama ɗan ƙwallo ba, taubashina ma haka. Shi yana tuƙin babbar mota, ni ina shagon kayan waya, da yamma kuma ina taimakawa wurin horar da yaran unguwa. Abin da na ɗauka daga waccan tafiya abu biyu ne. Na farko, baiwar yaro ba daga sama take faɗo masa a kammale ba, mutanen da ya tashi cikinsu su ke lanƙwasa ta, su ba shi wani abu su hana shi wani, kuma ba zai san abin da aka hana shi ba sai ya fita ya buga da waɗanda aka rena daban. Saboda haka duk shekara sai na matsa a fitar da yaranmu, ko da za a ci su. Na biyun ya fi mini nauyi. Duk wata dama da za ta zo wa mutum, wanda ya rene shi ya cancanci ya ji ta daga bakinsa. Kafin mu hau mota nakan tara yaran in ce musu, in wani ya zo yana son ku, ku zo ku gaya mini, ni zan riƙe muku jaka in raka ku.